Ranar da 'Yan Aji Huɗu Suka Tuƙa Sufeto

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau sirrin kaina zan tona muku. Wanda ya san Goggona a cikinku, don girman Allah kada ya kai mata.

Ni ce auta a gidanmu, ni kaɗai kuma na rage ban yi aure ba. Wannan kuwa a wurin Goggo, yayar Babanmu, ya fi ɗaukewar ruwan famfo tayar da hankali. Duk Lahadi sai ta zo, ta zauna a kujerar nan ta kusa da taga, ta ajiye jaka a cinya, ta ƙare mini kallo kamar kayan da suka daɗe a kanti ba a taya ba.

"Auta, har yanzu dai shiru?"

"Goggo, ina wuni."

"Lafiya lau. Na ce har yanzu shiru?"

Mama takan ce, "Yaya, a bar ta, komai lokaci ne." Goggo ta ce, "Lokacin ai ba ya sallama, sai an leƙa waje an gan shi." Baba kuwa sai ya ɗaga jarida ya rufe fuska, amma kafaɗunsa na motsi, na san dariya yake. A 'yan watannin nan Goggo ta kawo mini maganar wani mai kemis, da wani mai sayar da tayoyi, da ɗan ƙawarta wanda aka ce yana da kirki sosai, sai dai ba ya magana. Ni kuwa da na wuni da yara ina ta ihu, in dawo gida kuma in auri shiru?

Aikina koyar da kwamfuta a wata firamare. Yaran ma ba su san sunana ba, Anti Kwamfuta suke ce mini. Ɗakin nawa a da sito ne, har yanzu in aka yi zafi yana warin tsofaffin littattafai. Kwamfutocin ba su cika yatsun hannu biyu ba, ɗaya ma sai an ɗan mare ta a gefe take farkawa, ga fanka mai kukan tsohuwar ƙofa. Amma wallahi ina son ɗakin nan kamar ni na gina shi.

Wata Litinin Shugabar makaranta ta aiko a kira ni. Na same ta da wani kundi mai kauri a gabanta, ta turo mini shi da ɗan yatsa ɗaya kamar mai zafi.

"Sabuwar manhaja ce daga hukumar ilimi," in ji ta. "Sun fitar da ma'aunai, wato abin da ake so kowane yaro ya iya a kwamfuta kafin ya bar kowane aji. Za su turo sufeto ya duba ko darasinki ya hau kansu."

"In bai hau ba fa, Shugaba?"

Ta cire tabarau. "Mai makaranta ya riga ya faɗa. A ba lissafi lokacinki, ke kuma ki dawo ofis kina buga mana takardun jarrabawa."

Ni? Buga takardu? Na ɗauki kundin na fito ina murmushin dole.

A gida na baje kundin a tsakar ɗaki ina juya shafuka ina tsaki. Mama ta leƙo ta ce lafiya. Na ce, "Mama, wata manhaja ce ta hana ni sakat." Ta ce, "To ki goge ta daga wayar mana, ke da kika iya." Na yi dariya har da hawaye, na ce wannan ta karatu ce, ba ta goguwa. Gaskiyar magana ban karanta kundin da kyau ba. Na ga manyan kalmomi, na ga teburori, na yanke hukuncin cewa duk wanda ya rubuta wannan bai taɓa tsayawa a ajin da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar darasi ba. Na rufe, na ɗora kofin shayina a kai. Na ce yadda na saba haka zan koyar, in ya so a yi wadda za a yi.

Ranar zuwan sufeto na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, da mayafi ruwan hoda, da takalmi marar tsini saboda zirga-zirga. A raina dattijo nake jira, mai tumbi da tarin birori a aljihu. Sai ga Shugaba ta shigo ajin huɗu da wani dogon saurayi, siriri, da farin tabarau, riga shuɗiya a goge tas, jaka a rataye. Fuskar nan kamar an aiko shi da saƙon rasuwa. Ya gaishe ni a taƙaice, ya wuce baya ya zauna a kujerar yara, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa.

Ina buɗe baki wuta ta ɗauke. Yara suka haɗa baki, "Wayyooo!"

Ban damu ba, ina da wasan da nake yi a irin wannan rana, wasan mutum-mutumi. Mutum ɗaya zai zama na'ura, ba ya tunani, ba ya yin komai sai abin da aka umarce shi. Sauran su jera masa umarni ɗaya bayan ɗaya har ya je daga ƙofa zuwa tebur ya ɗauko alli. Kullum ni nake zama na'urar. Amma ranar sai Monita, wata 'yar firit mai bakin tsiya, ta ɗaga hannu.

"Anti, baƙo ya zama mutum-mutumi yau!"

Na zare mata ido. Ina! Aji ya riga ya ɗauka, "Baƙo! Baƙo!" Ina shirin ba shi haƙuri sai na ga ya ajiye biro, ya miƙe, ya je bakin ƙofa ya ƙame, hannaye a gefe.

"Juya dama!" Ya juya.

"Yi tafiya gaba!"

Ya fara tafiya. Ya wuce layin farko, ya wuce tebur, yara na kallo baki buɗe, ba wanda ya tuna bai ce masa ya tsaya ba. Bawan Allahn nan bai rage sauri ba sai da goshinsa ya ce ƙwas da allo. Ko a nan ma ƙafafunsa ba su daina takawa ba.

Aji ya kece. Wasu har da faɗowa daga benci. Na ce, "To, laifin wa? Na na'ura ko na masu umarni?"

"Namu ne!"

"Ku nemo kuskuren."

Aka yi ta gardama, har suka gano da kansu: sai a ce yi tafiya har sai ka kai tebur, sannan ka tsaya. Aka mayar da shi ƙofa, aka sake, ya ɗauko alli ya ɗaga sama, aka yi ta tafi. Duk wannan bai ko murmusa ba. Can wuta ta dawo, muka ɗunguma ɗakin kwamfuta, aka ƙarasa darasin a can.

Bayan an tashi ya same ni ina kashe na'urori. Na riga na shirya karɓar yabo, har na gyara mayafi.

"Malama, wasan nan naki ya hau ma'auni biyu na aji huɗu, jera umarni da gano kuskure. Kin san haka?"

"Na sani mana," na ce. Ƙarya nake.

"Madalla. Amma na duba tsarin darussanki na zangon nan. Babu kare kai a intanet, babu tattara bayanai. Sannan da muka shigo nan, waɗanda suka fi ƙarfin gudu su suka kama maus, su suka riƙe har aka tashi. Akwai wata yarinya mai koren gora da ta tsaya jikin taga. Ba ta taɓa komai ba."

"Yallaɓai, na'urorin ne ba su isa ba."

"Haka ne. Sai dai ma'aunin bai ce aji ya iya ba. Cewa ya yi kowane ɗalibi."

Nan fa bakina ya riga hankalina. "Ai matsalar ke nan. Masu rubuta irin wannan suna ofis cikin sanyi, ba su san yadda aji yake ba."

Ya gyara tabarau. "Ina cikin kwamitin da ya rubuta."

Jama'a, na so ƙasa ta tsage in shige, ta rufe, a dasa fulawa a wurin.

Bai nuna ya ji haushi ba. Ya ce ba zai rubuta rahoto yanzu ba, zai dawo kafin ƙarshen zango ya ga abin da na gyara, ya rubuta mini lambarsa ko da zan yi tambaya. Yana magana ina kallon farin tabon alli a tsakiyar goshinsa, zagayayye kamar kwabo. Ban gaya masa ba. Haka ya wuce ofishin Shugaba da abinsa. Allah ya yafe mini.

Na kwana ina jin haushinsa, amma maganar yarinyar nan ta tsaya mini a wuya. Washegari na kira ta gefe. Shiru-shiru ce, ko a rajista sai na kasa kunne nake jin amsarta. Na ce me ya sa ba ta zama gaban kwamfuta. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

"Anti, tsoro nake kar in ɓata. A gidanmu ba mu da ita."

Shekara guda yarinyar nan tana ajina, ni ina gaba ina ta wasan kwaikwayo ana tafa mini, ban taɓa lura ba. Ranar na ɗauke kofin shayi daga kan kundin, na karanta shi tun daga bango. Na ɗauki ma'aunan ɗaya bayan ɗaya ina ajiye kowanne kusa da darasin da nake yi. Wasu suka dace kamar an auna, ashe ina yin su ban san sunansu ba. Wasu kuwa wayam, ba ni da komai a gabansu. Da na maƙale, na danne girman kai na ɗauki waya na tura wa sufeton saƙo.

"Salam. Malamar kwamfuta ce. Inda aka ce yara su tattara bayanai su nuna su a zane, da me za mu yi in babu wuta?"

Ba a jima ba ya amsa. "Me suke zuwa da shi makaranta kullum?"

"Surutu."

"Ban da shi."

"Gorunan ruwa."

"Launinsu ɗaya?"

Na zauna ina kallon wayar. Kai, mutumin nan! Washegari muka ture bencuna gefe, kowa ya kawo gorarsa, muka jera su a ƙasa layi-layi, shuɗaye nan, jajaye nan, koraye can. Yara suka hau kan benci suna leƙowa, suka ga da idonsu layin shuɗi ya fi kowa tsawo. Da wuta ta zo suka zana shi a kwamfuta. Na ɗauki hoto na tura masa.

"Wannan ya fi misalin da muka sa a kundin," ya rubuto. Can kuma sai ga wani: "Af, na gode da allin ranar nan. Har ofishinmu na kai shi. Mai gadi ne ya ji tausayina."

Na kifa fuska a filo ina dariya. Ashe yana da baki.

Daga nan aiki ya kankama. Na raba yara bibbiyu a kowace na'ura, ɗaya direba mai riƙe maus, ɗaya mai nuna hanya, in na tafa hannu su yi musanya, ba roƙo ba kuka. Darasin kalmar sirri kuwa ƙaramin yaƙi aka yi. Ina cikin bayanin cewa ba a gaya wa kowa, ba a kuma sa abin da kowa zai iya cinka, sai Monita ta miƙe: "Anti, ta wayar Mamana shekarar da aka haife ni ce!" Kafin in rufe mata baki rabin aji sun lissafo. Dole na rubuta wa uwarta 'yar takarda cewa ta canza. Ranar da mai koren gora ta jera umarninta da hannunta, ɗan tsuntsun zane da muke ba umarni a gilashin kwamfuta ya taka ya juya ya dawo, sai ta saki maus ta rufe baki da hannu biyu, ta juyo tana nemana da ido. Na juya baya na yi kamar ina gyara labule.

Duk wannan ina ba sufeton labari. Da farko tambaya da amsa ne, ma'auni kaza, aji kaza. Sannu a hankali sai ga "Ya gajiyar aji?" Sai ga labarin makarantar da ya fara koyarwa, inda ya zana kibod a kwali saboda ko soket babu. Sai ga "Kin dai ci abinci, ko Monita ta cinye lokacin?"

Wata Asabar Yayata ta zo da yaranta, muna kicin ina yanka albasa, waya ta yi ƙara a kan firji. Kafin in goge hannu ta riga ni.

"Wane ne kuma Sufeto Alli?"

"Aiki ne, Yaya. Maganar manhaja ce."

"Iye! Wace irin manhaja ce ke tambayar ko kin ci abinci? Ni ma a sauke mini ita a wayata, mijina ya daina tambaya."

Na fizge wayar, na ce don Allah ta rufa mini asiri, babu komai tsakaninmu. Ta ce ita ba ta ce akwai ba, albasa ce dai ta ga tana sa ni murmushi, abin da ba ta taɓa gani ba.

To, ana haka, zango ya kusa ƙarewa, sai mutumin nan ya ɗauke ɗif. Na tura masa tsarin darussan da na kammala, alama ta nuna ya karanta, ba amsa. Na jira. Na sake tura "Ka gani kuwa?" Ya rubuto, "Na gani. Allah ya taimaka." Shi ke nan. Allah ya taimaka! Kamar wadda ta roƙe shi sadaka a bakin titi.

Bayan kwana biyu Shugaba ta tare ni a baranda. "An canza mana sufeto. Shi da kansa ya nemi a cire shi daga makarantarmu. Me kika yi masa?"

"Ni? Ba komai."

"To, Hajiya Jan Biro za a turo. Ki shirya."

Duk malamin da ya kwana biyu a aikin nan ya san wannan laƙabi. An ce ta taɓa mayar wa wani shugaban makaranta rahotonsa saboda waƙafi. Na shiga ɗakin kwamfuta na rufe ƙofa. Tsoron Hajiya daban, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar da na kasa amsawa: aikin nawa ne ya ga ba zai haye ba ya zame jikinsa, ko surutuna ne ya ishe shi? Na buɗe hirarmu ina karantawa daga sama, ina neman inda na yi ɓaranɓarama.

Hajiya ta zo cikin baƙar abaya, da jaka mai kama da akwatin likita. Ba ta zauna a baya ba, tsakiyar yara ta ja kujera. Ba ta ko kalle ni sosai ba, su take tambaya. Me za ka yi in wanda ba ka sani ba ya turo maka saƙo yana neman hotonka? Wannan zanen me yake nunawa? Sai ta waiga, ta nuna mai koren gora da jan biron nan.

"Ke, zo ki sa tsuntsun nan ya zagaya."

Yarinya ta zauna, ta jera umarni, ta danna. Tsuntsu ya tafi ya bugi gefe ya tsaya. Ta matso da fuska kusa da gilashin, ta bi layukan da ɗan yatsa, ta ce a hankali, "Na manta juyawa." Ta gyara. Tsuntsu ya zagaya.

Hajiya ta ce, "Hm." Ta karɓi tsarin darussana ta yi ta bi da biro, ta ja layi a wuri biyu. A ofishin Shugaba ta ce, "Ya hau. Amma darasin maimaita umarni na aji biyar an taɓa shi sama-sama, a gyara kafin sabon zango. Kuma a gyara na'urar nan da ake mari." Ta sa hannu ta fita. Shugaba ta rungume ni har mayafina ya zame. Ajina ya tsira.

Ya kamata in yi ta tsalle, ko? Na yi, amma da ƙafa ɗaya.

Ranar Lahadi da la'asar ina ɗaki a kwance, ina jiyo Goggo a falo tana nuna wa Mama hoton wani a waya, wai injiniya ne, tsayinsa ne kawai bai kai ba. Na ɗauki tawa wayar. Na rubuta doguwar magana na goge. Na rubuta gajera mai zafi na goge. Daga ƙarshe na tura:

"Rahoto ya fito, mun haye. Na gode da taimako, duk da ka gudu."

Ko ajiye wayar ban yi ba na ga yana rubutu.

"Barka. Na san za ki haye. Kuma ban gudu ba."

"To me ake kiran abin da ka yi?"

Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Na tashi zaune, na rungume filo.

"Aikinki ya cancanci wanda zai auna shi tsakani da Allah. Ni kuwa tun ranar gorunan ruwa ma'aunina ya karkace. Ban so gobe wani ya ce darasinki ya haye ne don sufeto na son malamar."

Na karanta. Na sake karantawa. Na ajiye wayar a kan gado na zagaya ɗakin, na dawo na ga dai rubutun na nan bai canza ba.

"Shi ne ba za ka iya faɗa mini ba? Ka bar ni da Jan Biro?"

"In na faɗa kafin ta sa hannu, da na ɓata abin da nake gudun ɓatawa. Na sha wuya ni ma, ki tambayi wayata."

"Hm," na rubuta. Na koya a wurin Hajiya.

"Yanzu ta sa hannu. Ba ni da sauran hurumi a makarantarku. Ko zan samu lambar Baba?"

'Yan uwa, na san abin da ya dace. A ja aji, a ce sai an yi shawara, a bar shi ya kwana biyu yana duba waya kamar yadda ya bar ni. Duk na tsara wannan a kaina, tsaf. Ina gama tsarawa na ga yatsuna sun riga sun tura lambar.

Na ce to, ai sai ya kwana ya tashi, ya nemi manyansa, ya tsara kalamai. Na miƙe zan je in sha ruwa.

Ban kai ƙofa ba wayar Baba ta fara ƙara a falo.

Na ji ya ninke jarida. Na ji ya yi sallama. Sai muryarsa a hankali: "Eh, ni ne mahaifinta." Goggo, wadda tun zuwanta ba ta ja numfashi ba, ta tsaya cak a tsakiyar kalmar injiniya.

"To... to... madalla. A ina ka ce kake aiki?" "A'a, ba damuwa, ina gida. Ɗan riƙe, ina zuwa."

Na manne da bango, hannu a ƙirji.

"Auta!" Baba ya ƙwala kira, kuma wallahi ina jin dariyar da yake dannewa. "Zo nan ki yi wa Goggonki bayani, ni ban iya ba."